Sallama a Gaban Labule

Shekara talatin Abduljalil yana jan kamanja, wato gogen Turawa, a gidajen biki a ƙasa mai tsarki, daga unguwar Bani Malik har ta Madain Fahd, ba a taɓa buga sunansa a takardar wani taro ba. Kwatsam sai wata sabuwar ƙungiyar kiɗan Turawa irin na da, mai jera mutum sittin a dandali ɗaya, ta yi shelar neman makaɗa: baƙar fata da fara, ɗan ƙasa da baƙo, kowa ya zo. Wanda aka ɗauka, ƙungiyar ce kafilinsa, wato mai tsaya masa ya zauna a ƙasar. Shi kuwa kafilinsa ya rufe shago, iƙamarsa, takardar izinin zama, saura wata biyu ta mutu, ga shi ko hanyar Sudan ɗin da za a tura shi, ƙasar iyayensa, bai sani ba. A nan unguwar Bagdadiyya aka yanke masa cibiya.

Ranar gwaji, Abir, matar da ke tsara zaman, ta tara su. Ta ce alƙalai suna can ciki an ja musu labule, don kada launi ko asali ya shiga tsakani. "Lamba kawai za a kira. Ku cire takalma. Ba magana, ko tari ne ku haɗiye. Wanda aka ji muryarsa, halas, ya fita."

Wallahi ya ji, har da gyaɗa kai. Amma mutumin da tun yana rarrafe ake gaya masa ba a faɗa wa mutane kamar akuya, ya za ka yi da bakinsa? Aka kira lamba tara, ya sa ƙafa a zauren, bakin nan ya riga shi.

"Assalamu alaikum."

Wani alƙali ya amsa, shi ma bai shirya ba: "Wa alaikumus salam, ya Ammu Abduljalil!" Mazen ne, wanda Abduljalil ya yi wa kiɗa ranar aurensa, mai ce masa Ammu, wato baffa.

Duk da haka ya ɗora kamanjar a kafaɗa, ya ja ta yadda bai taɓa ja ba.

Abir ta same shi a baranda, ta kasa haɗa ido da shi. "Ammu, duk sun ce babu kamarka. Amma an gane ka, ƙa'ida ta soke gwajin. Don irinku fa aka sa labulen nan."

"Sallama na yi, 'yata. Ba zagi na yi ba."

"Na sani, wallahi. Baɗi za a sake."

Baɗi!

Ta tsaya tana murza yatsu. "Akwai hoton sanarwa da za a ɗauka yanzu. Shugaba ya ce ko za ka shiga? Ka riƙe kamanjar yadda za ta fito sosai."

Ya leƙa tsakar gidan. An riga an jera mutum ashirin, duk farare tas, an bar gurbi ɗaya a tsakiya, daidai shi.