Ƙarfe Mai Tambari

"Ɗora min motar a kai," in ji dillali, "sai mu sha hannu."

Kyaftin ya waiwaya ya dubi a-kori-kurarsa da ke fake a bakin sito, sannan ya sake duban kayan. An jera su a kan katako don kada su taɓa ƙasa: fayafan ƙarfe na motsa jiki sanye da baƙar roba, kowanne da tambarin kamfani a tsakiya da lambar nauyinsa a fili ɓaro-ɓaro, ga sanduna suna ɗaukar ido, ga benci mai laushi kamar kujerar manaja. Kayan wani otel ne da ya karye.

"Na ba ka abin da na tara, na haɗa maka da tsofaffin ƙarafana. Yanzu kuma motar?"

"Kyaftin, ka ji tsoron Allah. Waɗancan tarkacen motar da mai walda ya huda wa tsakiya kake kira ƙarafa? Mai sayen tsohon ƙarfe ma sai na roƙe shi. Wannan kuwa suna kake saye. Taɓa ka ji. Ko jikanka zai gaje shi."

Kyaftin ya taɓa. Robar ta yi sanyi, ta yi santsi. Ya haura sittin, gwiwoyinsa kan yi ƙara in ya tsuguna, kuma tun yana saurayi yake ganin wannan tambari a jikin ƙarafan da zakaru ke ɗagawa a talabijin, bai taɓa ɗora hannu a kai ba sai yau. Dillali ya ga yadda hannun ya daɗe a wurin, ya san ciniki ya faɗa.

"Na sallama," in ji Kyaftin, ya miƙa makullin.

"Allah ya sa albarka."

Ba son burga kaɗai ya kai shi ba. Gidan ɗaga ƙarfensa tsohon garejin gyaran mota ne, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da fanka guda mai juyawa in ta ga dama, da madubin da ya tsage ta kusurwa. A nan ya ci, a nan ya tufatar da 'ya'yansa har suka kama gabansu. Sai ga wani sabon wurin ɗaga ƙarfe a tsallaken titi, gilashi tun daga sama har ƙasa, da sanyi, da kiɗa. Ma'aikatan banki da 'yan ofis suka tsallaka ɗaya bayan ɗaya, in sun haɗu da shi a hanya su sunkuyar da kai. Waɗanda suka rage masa su ne direbobi, da 'yan dako, da kanikawa, da masu gadi, mutanen da ke zuwa da gumin aiki su ƙara wani a kai. Idan su ma suka tafi, sai dai ya sa kwaɗo a ƙofa, kuma a shekarunsa babu wanda zai ɗauke shi ko gadi.

Da ya dawo gida a ƙasa, maiɗakinsa tana shanya a tsakar gida. Ta dubi ƙurar da ke takalminsa.

"Ina motar, Baban yara?"

"Ta zama jari."

"Jarin me?"

"Ƙarfe."

"Da can ba ƙarfe ba ce?" Ta matse riga, ta yarfe ta. "Wancan ƙarfen dai yana kai ni asibiti in ciwona ya tashi. Wannan fa, ina zai kai ni?"

Ya wuce ɗaki. Ita kuma ta ci gaba da shanyarta; sun daɗe da wuce shekarun da ake ƙarasa faɗa.

Kwanakin farko sai ka ce an yi haihuwa. Aka share wurin, aka wanke madubi, mutane suka yi ta shigowa suna ɗaukar hoto da tambarin a bayansu. Har wani ɗan banki ya leƙo, ya jinjina kai, ya koma tsallake.

Zakaran gidan wani direban babbar mota ne da ake kira Tirela, mutum mai wuya kamar kututture. Duk unguwa an san Tirela yana kwantawa a benci ya tura kilo ɗari da arba'in daga ƙirjinsa. Da wannan lambar ake gabatar da shi a wurin zaman hira, da ita yake rufe bakin duk wanda ya raina shi a tasha. Ranar da ya dawo daga doguwar tafiya, ya shigo ya tuɓe riga, ya shafa sabon bencin.

"Kyaftin, ashe kana da kuɗi kake cin bushewa. A jera min kayana."

Aka jera masa ɗari da arba'in. Ya kwanta, ya gyara kafaɗu, ya sauke sandar daga maratayi. Sandar ta sauko ƙirjinsa ta zauna kamar ta zo gida. Jijiyoyin wuyansa suka fito, ƙafafunsa suka shiga shure-shure. Sai da mutum uku suka ɗage ta.

"Gajiyar hanya ce," in ji wani kanike.

"Ko amarya ce ta shanye shi," wani ya ce daga baya. Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, domin fuskar Tirela ba ta ɗauki wasa ba.

Aka rage, ya kasa. Aka sake ragewa. Sai a ɗari ya tura, da ƙyar. Ya tashi zaune yana duban tafukansa kamar an sauya masa su.

Ba shi kaɗai ba ne. Mai ɗaga tamanin ya koma sittin, mai sittin ya koma arba'in da 'yan kai. Kowa ya shigo da ƙarfinsa, ya fita an rage masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Wasu suka ce robar ce ke ƙara nauyi. Wasu suka ce kayan otel ɗin da ya karye ba za su rasa ƙashin tsiya ba. Kyaftin dai ya ɗauka dillali ne ya cuce shi da jabu.

Ya ɗauki faifai ɗaya na sababbin, ya haɗa da wani tsohon guda da ya tsira daga cinikin saboda da shi ake tokare ƙofa, ya zuba su a baro ya tura zuwa shagon mai sayar da iskar gas, inda akwai sikeli na gaskiya. A hanya ya biya ta rumfar mai walda, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ya ƙera masa tsofaffin.

"Taso ka zama shaida. Yau sai na tona asirin dillalin nan."

Aka ɗora sabon. An rubuta ashirin, sikeli ya ce ashirin, ko ƙwayar gram bai kauce ba. Aka ɗora tsohon, mai farin fenti da ke cewa ashirin da biyar. Sikeli ya ce sha takwas.

Mai walda ya dubi sikelin, ya dubi Kyaftin, sai ya zauna a kan tukunyar gas yana dariya har da riƙe ciki.

"Me ya ba ka dariya? Ba kai ka ƙera ba?"

"Ni na ƙera, amma wa ke faɗin lamba? Ka manta yadda muke yi? Duk shekara in gumi da tsatsa sun cinye fentin, ni ke riƙe da buroshi, kai kuma ka ɗaga faifai da hannu ɗaya, ka rufe ido, ka ce rubuta kaza. Ka ce hannunka ya fi sikeli."

"Hannuna bai taɓa yi min ƙarya ba."

"Bai yi ba, tsoho. Wannan faifan, sha takwas ka ce ranar da na fara huda shi, kana da gashi a ka lokacin. Da aka jima ya zama ashirin. Daga baya ashirin da biyu. Ni na zaci tsatsa ce ke ƙara masa nauyi."

Kyaftin bai yi dariya ba. Ya tsaya yana duban hannunsa na dama. Ashe ƙarfen yana nan yadda yake, shi ne yake raguwa, kuma duk abin da ya ragu a jikinsa sai ya rubuta shi da farin fenti a matsayin ƙarfin wasu. Shi ya sa ake yabon gidansa: a nan kowa ci gaba yake yi duk shekara, ko da ya yi wata bai leƙo ba. Wa zai tsaya gardama da lambar da ta ƙara masa girma?

Ya tura baronsa ya koma. Hanyar ta yi masa tsawo.

Da farko ya gwada gaskiya. Ya tara masu zuwa gidan da yamma bayan an tashi aiki, ya faɗa musu abin da sikeli ya ce, ya ƙara da cewa ɗari na gaskiya ba abin raini ba ne.

"Wato Kyaftin," in ji Tirela a hankali, "duk shekarun nan iska nake ɗagawa?"

"Ƙarfe kake ɗagawa. Lambar ce kawai..."

"Lambar ce ni ai. Yanzu in koma tasha in ce musu me? In ce a rage min arba'in?"

Ya saɓa rigarsa a kafaɗa ya fita. Da shi da sauran, ba tsallaken titi suka koma ba, ba su da kuɗin can. Daina zuwa kawai suka yi. Mutumin da ya yini yana sauke buhuna, maigidansa na yi masa tsawa, ba zai biya kuɗi da yamma don wani baƙin faifai ya sake gaya masa cewa shi ba kowa ba ne. Kyaftin kan buɗe da safe, ya goge kayan da tsumma, ya zauna a bakin ƙofa har rana ta juya. Kayan kuwa ba su da aibi ko ɗaya. Sanda ba ta lanƙwashe ba, roba ba ta tsage ba, in faifai ya faɗi ƙasa ko ƙara ba ya yi.

Dillali, wanda kunnensa ba ya barci, ya ɓullo wata rana da hantsi.

"Na ji an ce kasuwa ta yi sanyi. Ka san ni ba na son ganin ɗan'uwa cikin damuwa. Akwai wani mai kuɗi da ke son irin waɗannan a gidansa, don ado. In ka yarda in karɓa a rabin kuɗi."

"Motata fa?"

"Ai ta daɗe da barin gari. Amma ka gode wa Allah da ka sayi mai suna. Muddin tambarin nan yana jiki, kuɗi ne a hannu. Yi shawara."

Ya yi shawarar da maiɗakinsa, tana zaune a bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa.

"In na sayar, rabin zai riƙe mu shekara, wataƙila da ɗori."

"In ya ƙare fa?"

"Sai yara."

"Kai ne za ka zauna kana jiran yara su aiko?" Ta rufe kwalbar. "Na san ka, Baban yara. In ka sa kwaɗo a ƙofar nan, wata uku ba za ka yi ba. Ni kuwa ban shirya takaba ba. Yi abin da za ka yi, kada dai ka ce ni na sa ka."

Washegari da azahar mai walda ya zo da injin gurza ƙarfe da gwangwanin fenti biyu, baƙi da fari. Ya tsuguna a gaban faifan farko, ya shafa tambarin da babban yatsa.

"Ka tabbata? In na taɓa wannan, dillalinka ko gaisuwarka ba zai amsa ba."

"Kunna."

Ɗakin ya cika da warin ƙonanniyar roba. Tambari ya tafi, lamba ta bi shi, faifai bayan faifai, har kan sanduna da bayan benci. Suka shafe gurbin da baƙin fenti, suka jingina su a bango su bushe. Da suka bushe, mai walda ya tsoma buroshi a farin.

"To, nawa zan rubuta?"

Kyaftin ya sunkuya, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga faifan da sikeli ya ce ashirin, da hannu ɗaya, ya rufe ido. Bai yi niyyar ƙari ba, abin da hannun ya gaya masa ya faɗa.

"Talatin."

Mai walda ya buɗe baki, ya rufe, ya rubuta.

Labarin da aka baza a tasha da gareji shi ne, wai kamfanin ya yi rubutun ne da ma'aunin ƙasarsu, kuma yanzu an mayar da shi namu. Babu wanda ya tambayi wace ƙasa ce kilonta ya fi na kowa nauyi. Suka fara dawowa, biyu yau, uku gobe, suna ɗagawa suna mamakin yadda hutu ya ƙara musu ƙarfi. Tirela ne na ƙarshe. Ya tsaya a gaban fayafan, ya sa farce ya kankari gefen fentin inda sawun injin yake, ya ɗago suka haɗa ido da Kyaftin. Ya tuɓe riga ya kwanta, ya tura ɗari da hamsin, ɗakin ya ɗauki ihu har 'yan tsallaken titi suka leƙo ta gilashi.

In ana lissafin wanda ya ci, dillali ya ci, ya ci mota ya ci kuɗi, har tarkacen da ya raina ya sayar a kan sikeli. Mai walda ya ci kuɗin yini. Tirela ya samu ƙarin goma da zai kai tasha, kuma ya san farashinsu. Maiɗakin Kyaftin ita ce ta yi asara tsantsa, domin ba ta saya ba, ba ta sayar ba, amma ita ke tsayuwa a bakin titi jiran motar haya ranar ganin likita. Shi kuwa Kyaftin, ƙofarsa a buɗe take har yau. Yana da kayan da suka fi na kowa kyau a unguwar, kuma babu wanda zai iya shaida hakan, ko shi kansa.