Gyaɗa Kai

Wata bakwai ke nan tana kallon mutane suna hira ba tare da ta ji ko kalma ɗaya ba. Haka ƙa'idar binciken take: a kashe sautin bidiyo, a zuba wa mai sauraro ido. Sau nawa ya gyaɗa kai, daƙiƙa nawa ya kalli mai magana, ko ya karkato da jiki, ko bakinsa ya motsa kafin ɗayan ya rufe nasa. Abin da aka faɗa kuwa aikin 'yan ofishin da ke gefe ne. Ita nata ƙidaya, a wani ɗan ɗaki mai tagar da ba ta buɗuwa, da fanka mai kukan tsufa.

Ranar sai bayan la'asar ta gama bidiyo na ɗari da sittin da biyu. Idanunta na yaji, wuyanta ya sage. Mijinta, injiniya a hukumar ruwa, yana jiranta cikin mota a bakin ƙofa.

"Dakta, an fito?" Tun ranar da ta fara digirin digirgir yake tsokanarta da sunan.

"Wace Dakta? Gawarta dai. Ja mu je, Yallaɓai."

Suna hawa babban titi suka faɗa cunkoso. Ya rage rediyo, ya fara magana a hankali, irin muryar nan tasa mai sanyi da ta sa ta ƙi kowa ta zaɓe shi. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. Ta kalli idonsa. Ta gyaɗa kai a inda ya dace, ba ta katse shi ba ko sau ɗaya. Jikinta ya haddace aikin nan sarai, shi yake yin abinsa, ita kuwa tana can ciki a kwance kamar tsumma.

"To, na dai sa hannu," in ji shi.

"Ka sa hannu," ta maimaita, don an tabbatar a ofishinsu cewa maimaita ƙarshen zance na kwantar wa mai magana hankali.

Ya dube ta. "A kan me?"

Ta buɗe baki. Ta san ya yi shiru sau huɗu. Ta san ya shafa sitiyari sau biyu, ya kau da kai sau uku, duka wajen taga. Da takarda a hannunta da ta cike ta tsaf. Amma abin da ya faɗa, wayam.

"Yi haƙuri, gajiya ce. Sake faɗa min."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na faɗa miki ran Litinin muna karyawa. Na faɗa ran Laraba a wannan kujerar. Yau da safe kina ɗaura ɗankwali na sake faɗa. Za su tura ni sabuwar madatsar ruwa, tafiyar kwana guda. Shekara biyu, gida sau ɗaya a wata biyu. Suka ce in ba su amsa kafin azahar ɗin yau."

Wani ya danna ham a bayansu. Ya matsa da motar taku kaɗan, ya sake tsayawa.

"Na ce miki in ba kya so, kalma ɗaya ta isa, in ce su ba wani. Kika kalle ni cikin ido, Dakta. Kika gyaɗa kai, kika ce kin fahimta. Na shiga ofis ina ce wa raina, ashe matata ko a jikinta in tafi."

"Wallahi ba na so!" Muryarta ta karye. "Ba na so ka je ko'ina. Koma gobe ka janye."

"An riga an aika takardar. Kujerata ma an ba wani."

Ba faɗa a muryarsa, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Ta lura da furfura ƙwaya biyu a gemunsa, ba ta san yaushe suka fito ba. Ta kamo hannunsa da ke kan giya, ya bar mata, amma bai riƙe nata ba.

"Yaushe?"

"Ƙarshen wata."

Ta lissafa, kwana goma sha ɗaya. Ta share ido da gefen mayafi.

"Wane gari ne?"

Ya faɗi sunan garin, karo na huɗu. Motocin gaba suka fara motsi, ya zare hannunsa ya sa giya.