Gurbi Ɗaya a Kunyar Dawa

Ranar da Malam Mas'udu ya zo daga kwaleji duba koyarwata, a sakandaren da aka tura ni koyon aiki a Yankara, na shiga aji ina taƙama kamar ni na haifi lissafi. Makin da zai ba ni shi zai sa in gama bana ko in maimaita shekara, ga shi mutum ne da ko ranar sallah ba ya dariya.

Na rubuta f(x) = (x² − 4)/(x − 2) a allo. Na warware na sama, na soke x − 2 sama da ƙasa, saura x + 2. Na ce, "Kun gani? Miƙaƙƙen layi ne, bai yanke ko'ina ba."

Sai Suwaibatu, ɗalibar da ba a rufe mata baki, ta ɗaga kalkuleta. "Malama, na sa biyu cikin na farkon, ya ƙiya. Sifili bisa sifili. To mi ya faru?"

Gaskiyarta ce, ni na yi azarɓaɓi. Malam Mas'udu ya buɗe biro. Na juya taga don kada a ga fuskata, idona ya sauka kan gonar makaranta.

Na ce, "Kowa shi hito!"

Na tsayar da su gaban wata kunyar dawa. Tsiro na bin tsiro, sai wuri ɗaya da iri bai fito ba. Na sa Suwaibatu ta biyo kunyar daga gabas, ɗan ajinsu Uwais daga yamma, kowa ya nuna inda tsiron ya kamata ya kasance. Yatsunsu suka haɗu wuri guda.

"Nan ne x yake biyu! Suwaibatu, sa 1.9."

"3.9!"

"Sa 2.1."

"4.1! Malama, huɗu suka nuhwa duka!"

"To gurbi ne kawai. Mu ce f(2) = 4, mun cike shi, layi ya ɗore."

Aji ya kaure da sowa. Uwais ya ruga can ƙarshen gona, inda kunyar wani aji ta goce wa tasu da taku guda. "Wannan hwa, Malama?"

Daɗi ya kama ni, na ba shi amsa. "Wannan ko tiya guda ta iri ka zuba ba ta gyaruwa, don gabas da yamma ba wuri ɗaya suka nuhwa ba."

Malam Mas'udu ya matso, takalmansa duk laka. "Malama Hajaratu, kin yi kuskure a allo."

"Na yi, Malam."

"Na rubuta shi." Ya juyo mani takardar. Kuskuren na nan, a ƙasansa kuma makin da ban taɓa samun irinsa a kwaleji ba. Na manta ɗalibai na nan tsaye, na ƙwala, "Na gama! Wallahi na gama!"