Wanda Ke Wancan Gefen Waya

Su uku ne a gidan, can bakin garin Dogo-Dogo ta gabas: tsoho Ɗanasabe, da surukarsa Rahama, da jikarsa Mubina mai shekara goma sha ɗaya. Akwai hatsi a rumbu, akwai awaki huɗu da jaki guda. Abin da ba su da shi shi ne labarin Nafi'u, mahaifin Mubina, wanda ya tafi neman aiki Aljeriya damina biyu da suka wuce. Da farko yakan kira duk Juma'a. Daga baya ya koma wata-wata. Yanzu wata bakwai ke nan shiru.

Nafi'u ɗan fari ne, saboda haka Ɗanasabe bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "wancan". Ko a lokacin da ake samun kiran, tsohon ba ya karɓar waya. Yakan zauna a bakin zaure yana gyaran igiyar jaki wadda babu abin da ya same ta, har a gama magana. Mubina ta taso tana zaton kakanta bai damu da babanta ba.

Nafi'u ya bar musu tsohuwar wayarsa, kuma a cikinta akwai wani wasan karta. Kowace karta da hoton dabba, zaki ko kura ko shaho, da lamba biyu, ɗaya ta ƙarfi ɗaya ta rai. Kai ka jefa taka, abokin wasa ya jefa tasa, mai ƙarfi ta cinye mai rauni. In ka yi nasara a ba ka sabuwar karta ka ƙara a tarinka. Abokin wasan kuwa inji ne kawai, hoton wani mutum marar fuska a saman allon. Mubina ta san haka sarai. Ta tara karta arba'in da ɗaya, tana neman giwa mai ruwan zinariya, wadda ba a samu sai an ci sau biyar a jere.

Wata la'asar, bayan ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, Ɗanasabe ya same ta a bayan rumbu tana wasan. Shi a wurinsa karta duk caca ce, ko ta takarda ko ta gilashi. Ya miƙa hannu zai karɓe wayar. Tsoro ya kama ta, bakinta ya riga tunaninta.

"Da Baba nake yi, Kaka. Shi ne wancan na sama."

Hannun tsohon ya tsaya. Ya daɗe yana kallon hoton marar fuska. Sannan ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ce ta ci gaba.

Tun daga ranar, duk la'asar sai ya zo bayan rumbu. Bai taɓa cewa a gaishe da kowa ba. Kallo kawai yake yi, irin kallon tsohon ɗan dara, yana gyaɗa kai. In abokin wasa ya jefa zaki tun farko, sai ya ce wancan har yanzu bai koyi haƙuri ba, haka yake tun yana yaro. In kuma Mubina ta ci sau biyu, ta kama hanyar na uku, sai ya dafa mata hannu.

"Bar masa wannan, amaryata. Mutum yana ƙasar wasu, kada a tara masa."

Sai ta jefa zomo a gaban kura, ta faɗi da gangan. Giwar zinariya ta yi ta nisa. Da farko abin da ke damunta ke nan. Bayan kwana goma kuwa, ta daina jin daɗin wasan gaba ɗaya, ko an ci ko ba a ci ba.

Ranar kasuwa, da hantsi, Ɗanasabe ya ce ta ɗauko wayar su tafi tare sayen kanwa. Ta ce batir ya mutu. Ya ce ai shi ya sa za su, Yasin zai sa mata wuta. Ta ce kanta yana ciwo. Ya taɓa goshinta, ya ce to ta hau jaki shi ya taka. Haka suka bi hanya tsakanin gonakin gero, babura suna wuce su, ita tana riƙe da wayar a cikin hijabi kamar garwashi.

Rumfar Yasin tana kusa da masu kanwa. Farantin sola a kan rufi, wayoyin mutane jere a kan tebur, kowace da igiyarta. Yasin magidanci ne mai son raha, kuma duk wanda wayarsa ta rikice a yankin wurinsa yake zuwa. Ya jona tasu, ya ba tsohon benci. Ɗanasabe ya leƙa wajen masu awaki ya yafito Mahamadu, abokinsa na dara tun suna samari. Ɗan Mahamadu, Halilu, mota ɗaya suka shiga da Nafi'u, kuma shi ma an daina jin ɗuriyarsa.

Mahamadu ya zo yana tsokana, wai ko tsohon ya gaji da shan kaye a ƙasa ne ya koma neman sa'a a gilashi. Ɗanasabe ya ce ya zauna dai ya ga abin da zamani ya kawo. Mutum uku ko huɗu da ke jiran wayoyinsu suka matso.

Mubina ta buɗe wasan. Ta jefa kura. Na sama ya jefa zaki.

"Ka gani ko?" in ji Ɗanasabe. "Babban abinsa yake fara fitarwa. Sau nawa na hana shi wannan a dara?"

Mahamadu ya tambaya wa ke nan. Tsohon ya gyara zama. Fuskarsa ta yi wani haske da Mubina ba ta taɓa gani ba.

"Nafi'u ne," ya ce. "Yana nan lafiya. Kullum sai ya zo."

Wannan ne karo na farko da ta ji sunan babanta a bakin kakanta. Mahamadu ma ya dube shi da mamaki, amma bai tsaya a kan wannan ba. Ya sauko daga benci ya durƙusa a gabanta, dattijo mai furfura, ya rage murya.

"'Yata, tambayar mini shi Halilu. Ko kalma ɗaya ce. Uwarsa ba ta barci."

Mubina ta kalli allon. Babu wurin rubutu, babu wurin magana, sai karta biyar a jere suna jiran ta zaɓa. 

Yasin ya zaci ba ta iya ba ne. Ya ce ta kawo ya taimaka. Ya karɓa, ya duba, ya danna nan ya danna can, sai ya yi dariya ba da wata mugunta ba.

"Baba, ai rezo ya ɗauke tun shekaranjiya, ko kira ba ya shiga. Wannan ba da mutum ake yin sa ba, da injin cikin wayar ne." Ya juya allon ya nuna musu. Ya ce ga shi, mataki uku ne, an ajiye shi a kan mai sauƙi, shi ya sa yake zubar da zaki tun farko. Ya ce in an mai da shi mai wuya, ko shi kansa ba ya cin sa.

Wani daga cikin masu jira ya tuntsire da dariya, ya kuma haɗiye ta. Sai a sannan Yasin ya ɗaga kai ya ga fuskar tsohon, ya ga yarinyar ta sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji. Ya ajiye wayar a hankali, ya shiga warware wata igiya da ba ta harɗe ba.

Mubina ta jira kakanta ya juyo ya tambaye ta a gaban kowa. Da ya yi haka da ta ji sauƙi. Bai ko dube ta ba.

"To," ya ce. "Ashe ni ne ban fahimta ba. Tsufa ne. Mahamadu, ka yafe mini, na tashe ka daga cinikinka a banza."

Mahamadu ya miƙe yana dafa gwiwa. Ya karkaɗe rigarsa, ya ce Allah ya jiyar da su alheri su duka, ya koma wajen awakinsa. Bai yi tsokana ba, kuma rashin tsokanar ya fi komai nauyi.

Suka kama hanyar gida ba tare da kanwar da suka zo saye ba. Kakanta ya ce ta hau jaki, ta ce za ta taka. Suka tafi su biyu a ƙasa, jakin yana tsakaninsu. Sai da suka wuce rijiyar makiyaya, inda babu kowa sai shanu, sannan ta iya magana. Ta gaya masa ba rashin fahimtarsa ba ne, ita ce ta yi ƙarya, don kada ya karɓe wayar. Ta ce kullum tana so ta faɗa, kullum sai ta ga ya zo ya zauna.

Ya ce ya sani, tun a rumfar Yasin ya gane. Bai ɗaga murya ba. Ya ce abin da ke gabansu yanzu uwarta ce, domin tun kwana na biyu ya gaya wa Rahama cewa wancan yana lafiya, ya gani da idonsa. Mubina ta tuna yadda uwarta ta soya waina ta raba sadaka ranar Juma'a, da yadda ta koma yin kitso bayan wata da watanni. A da ba ta haɗa waɗannan da wasan bayan rumbu ba.

"Ni na faɗa mata," in ji tsohon, "ni zan warware."

"A'a, Kaka. Ni zan gaya mata."

Ya dube ta a karo na farko tun daga kasuwa. Suka ƙara tafiya kaɗan. Da rufin gidansu ya bayyana a bayan geron, sai ya tsai da jakin, ya yi tambaya a hankali, kamar mai jin kunyar yin ta.

"Ranakun da nake cewa ki bar masa, to wa yake jin daɗin cin?"

"Babu kowa, Kaka."

Ya gyaɗa kai, ya ja igiya.

Rahama tana tsakar gida tana sheƙar wake, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ɗanasabe ya zauna a bakin zaure inda ya saba, ya ɗauko igiyar jakin ya ɗora a cinya. Mubina ta ajiye wayar a kan turmi, ta je ta durƙusa a gaban uwarta. Kafin ta fara magana ta waiga ta ga bayan kakanta, da kunnensa da ya karkato ciki. A nan ta gane cewa duk shekarun da bai kama sunan babanta ba, babu ranar da bai jira shi ba.