Sukari Bai Ji Ba

Duk layin Anti Mai Kek suke kiranta, har mijinta in yana jin tsokana. Shagonta ɗan ƙarami ne a ƙasan benen da suke zaune: oban biyu na gasa kek, injin kwaɓi mai ƙara kamar tsohuwar mota, da kantar gilashi inda take jera kaya. Shekara da shekaru ba ta taɓa sa kwaɓi a wuta ba sai ta lakata ta kai baki. In harshenta ya ce a ƙara sukari, sai a ƙara.

Jiki kuwa ya yi ta buɗewa, har ta kai in za ta hau bene sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango tana haki. Ranar da jiri ya kwashe ta a gaban oban, ƙanwarta da ke taya ta aiki ta kai ta asibiti. Likita ya duba jininta, ya ce sukari ya hau, ƙiba ta yi yawa, daga yau ita da kayan zaƙi sai kallo.

"Likita, sana'ata ce fa."

"Ki sayar, amma kada ki ci."

Haka ƙanwar ta karɓi kwaɓi, tana bin awon da yayarta ta tsayar na ƙarshe. Da farko Anti ta sha wuya. Shayi ya zama ruwan zafi mai launi, komai ta sa a baki salam. Ta yi faɗa da kowa, har da kyanwar maƙwabta. Amma bayan 'yan watanni, wata rana tana gwaguyar ɗanyen karas sai ta tsaya tana kallonsa.

"Wai dama karas yana da zaƙi?" ta tambayi ƙanwar.

"Tun da aka halicce shi, Yaya."

Wata rana da azahar, ƙanwar ta gama buga kirim ɗin da ake shafa wa kek ta fita ɗauko kwali. Anti na goge tebur, kirim ya taɓa mata yatsa, kafin ta yi tunani hannu ya riga ya kai baki. Zaƙin ya doki haƙoranta, ya tsaya mata a maƙogwaro, zuciyarta ta tashi. Da gudu ta nufi famfo ta tofar, ta kuskure baki.

"Ke! Buhun sukarin kika juye a ciki?"

Ƙanwar ta shigo da kwali a hannu. "Wane buhu? Awonki ne."

"Ƙarya ne! Wannan ai guba ce."

Ƙanwar ba ta yi musu ba. Ta ɗauko wani kwanon, ta auna bota, ta auna sukari da gwangwanin da Anti ta yi wa alama da hannunta, ta buga a gabanta, ta miƙo mata cokali. Anti ta ɗan taɓa da kan harshe. Shi ne dai, babu bambanci.

Ta zauna a kan buhun fulawa, hannu a ƙirji. "Wannan nake sayar wa mutane? Wannan nake cewa bai kai ba?"

Tana nan zaune 'yarta, Auta, ta dawo daga makaranta. Yarinyar ba ta cika shekara goma ba, amma maɓallan rigar makarantar sun ɗame kamar za su tsinke, kuma daga bakin titi zuwa shago har ta fara haki. Ta yar da jaka, ta zari cokali, ta cika shi da kirim ta kai baki. Sai ta yamutsa fuska.

"Umma, yau sukari bai ji ba."

Ƙanwar ta saki kwalin da ta sake ɗauka. Anti ta juyo ta zuba wa 'yarta ido. Ta kalli wuyan yarinyar da ya yi ninki, ta kalli cinyoyin da ke gugar juna, ta tuna ita ce ta riƙa lasa mata kirim tun kafin ta yi haƙori, tana dariya tana cewa 'yar gado ce.

Da maigidan ya dawo daga tuƙi da la'asar, ta tare shi a bakin ƙofa. "Ka faɗa min gaskiya, kek ɗina ya cika zaƙi?"

Ya sosa ƙeya. "Ni fa na daɗe da daina ci. Wanda kike ƙunsa min, direbobin tasha nake raba wa, su ma sai sun kora da ruwa."

"Kuma ka yi shiru?"

"Na taɓa faɗa sau ɗaya, kika ce bakina ne ya lalace."

Washegari ta kai Auta wurin likita. Ya ce harshe yana sabawa, wanda ya saba da zaƙi mai yawa kaɗan ba ya jin sa, don haka a riƙa ragewa a hankali, kada a yanke mata lokaci guda.

Ba a sha da daɗi ba. Auta ta gane tun a shayin farko, ta ture kofi, ta yi kuka, ta ce an daina son ta. Anti ta shige ɗaki ta yi nata kukan, ta fito ba ta ƙara ko ƙwaya ba. A shago ma ta rage awo. Wasu masu saye suka ce hannunta ya mutu suka koma wani wuri, wata tsohuwa kuma ta ce yanzu ne ta fara jin ƙamshin bota.

Auta dai har yanzu tana mita, kuma an kama ta da alewa a safa. Amma malamarsu ta ce kwanan nan ta shiga wasan igiya da sauran yara, ta yi tsalle har sai da aka kaɗa ƙararrawa.