Arba'in ɗin Ilya

Alhaji Hassoumi na tura kwali na ƙarshe cikin kamiyo, motarsa ta ɗaukar kaya, a ƙofar shagonsa na Aubervilliers da ke gefen Paris, sai Bukari maƙwabcinsa ya leƙo.

"Alhaji, da azumi tasbaha da dabino, yau kuma bakan gizo? Kai ko Shaiɗan ya zo sari sai ka ɗaure masa kaya."

"Shi ma sai ya bi layi," in ji Hassoumi. Bai yi dariya ba.

Tutoci ne masu launi shida. Kowane watan Yuni akwai ofisoshin magajin gari da ke rataya su, alamar hukuma ta san da zaman maza masu son maza da mata masu son mata. Hassoumi ya daɗe yana sayar da su. A wurinsa yadi yadi ne. Abin da ya sa ya sallami direba ya ce shi zai kai na Lyon da kansa, muryar da ta nemi kayan ce. Faransanci zalla aka yi, amma kafin a kashe waya mutumin ya yi ɗan gyaran murya, irin na mai neman izinin shiga ɗaki. Mutum ɗaya ya sani mai yin haka, shi kuwa an yi masa addu'ar arba'in tun shekarun baya.

Ilya ke nan, ɗansa. Ran da Hassoumi ya gane abin da ke tsakanin Ilya da abokin ɗakinsa na jami'a, ya kore shi, ya shaida wa jama'a cewa hatsarin mota ya ci shi can kudu, an rufe shi a can. Aka taru a gidansa na Sevran, aka dafa shinkafa, aka sauke Alƙur'ani. Har Zinder an yi sadaka. Zouera, uwar yaron, ta zauna ta amshi gaisuwa alhali ta san gaskiya, kuma ba ta ƙara kama sunan ba. Sai dai in Yuni ya zo aka nuno macin tutoci a tele, takan matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Me kike nema?" ya taɓa tambayarta.

"Matattu nake kallo, Alhaji."

Ya tada mota ke nan sai ga Malam Abdul'aziz da jakarsa. Paris ya yi Sallah, gida Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon, zai koma, ya ji labarin akwai mai tafiya Lyon. Shi ne ya jagoranci saukar da aka yi wa Ilya. Ba a ce wa irinsa a'a.

Hanya ta miƙe, rana ta take. Malam ya yi barci baki buɗe. Can wajen Mâcon ya farka a zabure.

"Allah ya jiƙan yaronka, Alhaji. Yanzu na gan shi a mafarki, tsaye cikin rana, yana kallonmu."

"Amin," Hassoumi ya ce. Ya ce bari ya fara sauke Malam a gida.

"Haba, aiki ne gaba," in ji Malam. " Mu sauke kayan mutane tukuna."

Filin da ke gaban ofishin magajin garin cike yake da jama'a, amma ba ka jin ko tari. Kowa tsaye, kai a sunkuye. Wata mata da ɗamarar hukuma a kafaɗa ta riƙe igiyar tuta, tutar kuwa ta langaɓe, babu iska. Shirun tunawa da mamatansu suke yi. Hassoumi ya kashe injin, ya ji ƙarar ƙofar motarsa ta cika filin kamar an harba bindiga.

Mutum ɗaya ne ya waiwayo.

Ya rame, ya bar gemu, goshinsa ya faɗaɗa. Fuskar mahaifin Hassoumi ce sak, wanda ke kwance a maƙabartar Zinder. Ya tako sannu a hankali, ya tsaya gaban motar, ya yi ɗan gyaran muryar nan.

Jakar Malam ta faɗi ƙasa. "A'uzu billahi! Ilya?"

Saurayin ya dubi tsohon malamin, ya dubi ubansa. Hassoumi ya ga lokacin da ya fahimci komai, ya kuma ga lokacin da ya yanke shawarar rufa masa asiri.

"Kun yi kuskure, monsieur," ya ce da Faransanci. "Kama ce kawai." Ya zagaya bayan motar, ya ɗaga kwali ya juya.

Shi ke nan, an ba Hassoumi mafita. Malam zai yi ta salati har Rillieux, gobe labarin ya zama na wani mai kama da marigayi, Hassoumi ya koma sahun gaba a masallaci da mutuncinsa. Ya bi ƙeyar ɗansa da kallo. Akwai furfura a wurin, ƙwaya-ƙwaya. Bai taɓa tunanin wanda aka yi wa arba'in yana furfura ba.

"Ilya," ya ce da Hausa. "Ajiye kwalin nan ka gaida Malam."

Saurayin ya tsaya, bai juyo ba.

Malam Abdul'aziz ya ja da baya har ya jingina da motar. "Alhaji, ka tara mu muka yi wa rayayye kuka? To saukar da muka yi fa? Sadakar fa?"

"A ajiye mini su, Malam. Ni zan riga shi bukata."

Malam ya ɗauki jakarsa, ya nufi tashar bas, bai yi sallama ba. A fili aka fara tafi, tuta na hawa. Ilya ya sauke kwalin, ya juyo. Bai durƙusa ba, bai miƙa hannu ba.

"Inna tana da rai?"

Hassoumi ya laluba aljihu, ya ciro waya zai kira gida. Kafin ya nemo lambar, wayar ta fara ƙara a tafin hannunsa. Zouera ce.