Yau Ba Na Dako

Shekara tara ina dako a kasuwar Kejetia, kullum ina bin jikin katangar gidan zu da kaya a ka, ban taɓa leƙa ciki ba. Washegarin Sallah na ce yau kam sai mun shiga. Na ɗaura sabon zane, mijina Zuberu ya yanki tikiti, 'yarmu Hikima tana ta tsalle.

Muna gaban kejin zaki, mutane sun yi cincirindo, sai na ji an ƙwala irin kiran da ake yi mana mu 'yan dako.

"Kayayo! Ke, kayayo!"

Hajiya Samiratu ce, mai shagon atamfa da nake ɗaukar wa kaya. Ta zo da jikokinta da ƙatuwar kular shinkafa. Ko barka da Sallah babu.

"Yawwa, ɗauki kular nan ki biyo mu."

Zuberu ya sunkuyar da kai. Hikima ta zuba mini ido. Wallahi har hannuna ya kai ga mayafina zai naɗa gammo, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

"Hajiya, barka da Sallah. Sunana Fusena."

"To Fusena, ai ba kyauta ba ne."

"Na sani. Yau da nawa kayan na zo."

Na ɗaga Hikima na ɗora ta a wuya, ta kere kowa tsawo.

"Mma, na gan shi! Yana hamma!"

"Kalle shi da kyau," na ce da ƙarfi. "Ba mai sauke ki sai kin gaji."